Yanke Gaɓa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Dalilansa, Aikin Tiyata da Abin da Ke Biyo Baya

Babu maganar da ke sa ɗakin likita ya yi tsit kamar a ce wa majiyyaci ƙafar nan ba za ta tashi ba, sai an yanke. A gaban likita ba a cika tambaya ba, kai kawai ake gyaɗawa. Sai an fito tambayoyin ke zubowa tsakanin dangi, kowa da amsar da ya ji a wani wuri. Ga waɗanda aka fi maimaitawa.

Me ake nufi da yanke gaɓa?

Cire wani sashe na hannu ko na ƙafa, kama daga ɗan yatsa guda har zuwa ƙafa sukutum daga kwankwaso. Wani likita ne ke yin sa a ɗakin tiyata bayan shiri, wani kuma haɗari ne ke yi farat ɗaya, kamar inji ya fizge hannun mai aiki. Ƙafa aka fi yankewa nesa ba kusa ba. A hannu yawanci yatsu ne ke tafiya, kuma akasari a wurin aiki. Akwai yaran da ake haifa babu wata gaɓa. Nasu ba yankewa ba ce, amma buƙatarsu ta gaɓar roba da koyon amfani da ita kusan ɗaya ce da ta wanda aka yanke wa.

Mene ne ya fi jawo shi?

Da an ambaci yanke ƙafa, hankali kan tafi ga haɗarin mota ko filin yaƙi. Suna cikin dalilai, kuma a wuraren da haɗarin hanya ya yi yawa, asibiti kuma ya yi nisa, kasonsu babba ne, musamman a tsakanin samari. Nakiyoyin da ake binnewa a ƙasa sun raba dubban fararen hula da ƙafafunsu shekaru bayan an gama yaƙi, abin da ya kai ga yarjejeniyar Ottawa ta 1997 da ta haramta su.

Amma a ƙasashe masu arziki, kuma yanzu har a sauran duniya, manyan ɓarayin ƙafa biyu ne, kuma a hankali suke sata: ciwon sukari da toshewar jijiyoyin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon sukari sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. Bayan waɗannan sai ƙwayoyin cuta da suka ci ƙarfin magani, sankarar ƙashi, mummunar ƙuna, wutar lantarki, tsananin sanyi da sarar maciji.

Ta yaya ciwon da ke cikin jini zai kai ga yanke ƙafa?

Ta hanyoyi uku da ke haɗuwa a wuri ɗaya.

Sukarin da ya daɗe a sama yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa. Da farko mutum kan ji kamar ana tsira masa allura a tafin ƙafa, ko zafi kamar ya taka garwashi, musamman da dare. Daga baya sai ya daina jin komai, har ya ɗauka sauƙi ya samu. An ce jiki magayi, to a nan jikin ya daina gaya wa mai shi komai. Mutum zai wuni da tsakuwa a cikin takalmi, ko ƙusa ta huda takalmin ta shiga nama, bai sani ba sai da yamma ya cire safa ya ga jini ya bushe a jikinta. Wani ruwan zafi zai tsoma ƙafa a ciki don ya ji ɗumi, ya fito da ita ta saluɓe.

Hanya ta biyu, jijiyoyin jini suna tsukewa, jinin da zai kawo iska da abin gina sabon nama ya ragu, ciwon da ya kamata ya warke cikin mako ɗaya ya yi wata uku yana nan. Ta uku, garkuwar jiki ta yi rauni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ɗan faso a diddige, bororon sabon takalmi, yankan farce da ya taɓa nama, kanta da aka fere da reza, duk ƙofofi ne. Ƙwayoyin cuta su shiga, gyambo ya yi zurfi, ya kai ga ƙashi. Da zarar ƙashi ya kamu, maganin sha kaɗai da wuya ya fitar da su.

Mafi yawan ƙafafun masu sukari da aka yanke da ƙaramin gyambo suka fara. Wannan ne abin takaicin, kuma shi ne abin farin cikin: tsakanin gyambon farko da ɗakin tiyata akwai makonni, wani lokaci watanni, da za a iya juya akalar lamarin.

Yaya mutum zai gane jini ba ya isa ƙafarsa?

Alamar farko ciwon tsokar ƙwauri ne lokacin tafiya. Mutum ya yi 'yar tafiya, tsokar ta ɗaure, ya tsaya minti biyu ko uku ta saki, ya ci gaba, ta sake kamawa a kusan tazara ɗaya. Da yawa suna ɗora laifin a kan tsufa. In abin ya yi gaba, ciwon kan zo ko ana kwance: da tsakar dare yatsu su ɗauki zugi, sai an sauko da ƙafar daga kan gado ta yi lilo sannan a samu barci, saboda jini ya fi gangarowa a haka. Ƙafar ta yi sanyi, gashinta ya zube, fata ta yi sheƙi, farce ya yi kauri. Wanda ya kai wannan mataki ba ya da lokacin jira.

Hawan jini, yawan kitse a jini, ciwon ƙoda da shekaru duk suna da hannu, amma taba sigari ce uwa uba. Akwai ma wata cuta da likita Leo Buerger ya yi bayaninta a 1908, mai toshe ƙananan jijiyoyin hannu da ƙafa, wadda kusan ba a ganinta sai a jikin masu shan taba, galibi 'yan ƙasa da shekara 45. Maganinta na gaskiya shi ne barin tabar kwata-kwata. Ragewa ba ya wadatarwa.

Akwai kuma toshewar farat ɗaya, inda gudan jini ke tasowa, sau da yawa daga zuciyar da bugunta ya rikice, ya tsaya a jijiyar ƙafa. Nan take ƙafar ta yi fari, ta yi sanyi, ta ɗauki azababben ciwo, sannan ta sage. Tsoka ba ta jure rashin jini fiye da kimanin awa 6. Wannan ba ciwon da ake kwana da shi ba ne a ga yadda gari zai waye.

Karaya ce kawai, me ya kai ta ga yankewa?

Ba ƙashin ne ke kashe gaɓa ba, ƙashi yana haɗewa. Abin da ke kewaye da shi ne. Tsokokin hannu da na ƙafa a cikin wasu ɗakuna suke, kowanne da tantani mai tauri da ba ya buɗawa. Bayan karaya nama yana kumbura, in kumburin ya rasa wurin zuwa sai ya matse jijiyoyin jini daga ciki. In kuma aka ƙara da ɗori mai matsewa, ko filasta da ta yi kaɗan, an matse ciki an matse waje.

Yara sun fi shiga wannan hali, musamman da karayar da ke kusa da gwiwar hannu. Yaron zai ta kuka, ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa, in an miƙe masa yatsu ya ƙwalla ihu. Manya su ce ai karaya dole ta yi zafi, ya daure. Kwana biyu yaro ya yi shiru, a ce ɗori ya kama. Alhali shirun nan jijiyoyi ne suka mutu. Ana kwancewa a tarar da yatsu sun yi baƙi.

Ko wane ne ya yi ɗorin, a asibiti ko a wani wuri, ƙa'idar ɗaya ce: ciwon da ya fi ƙarfin maganin zafi, yatsun da suka kumbura suka canza launi, suka yi sanyi ko suka daina ji, a sassauta ɗaurin nan take, a nufi asibitin da ke da likitan tiyata. In an zo da wuri, likita zai tsaga tantanin nan ya saki matsin, gaɓa ta tsira da tabo kawai.

Me ya bambanta busasshiyar ruɓewa da ɗanya?

Busasshiya ita ce wadda jini ya yanke a hankali, babu ƙwayoyin cuta sosai. Yatsa ya yi baƙi, ya motse, ya bushe kamar itace, da iyaka bayyananniya tsakaninsa da nama mai rai. Tana ba likita lokacin yin bincike, wani lokaci ma yatsan da kansa yake faɗuwa.

Ɗanya kuwa tana kumbura, tana ruwa, tana ɗoyi, tana hawa sama. Akwai nau'in da ƙwayoyin Clostridium ke haddasawa, masu fitar da iska a cikin nama, har in an danna fata a ji tana ƙaras-ƙaras. Wannan cikin awanni take yaɗuwa. Dafinta na shiga jini, zazzaɓi ya rufe mutum, jini ya faɗi, ƙoda ta tsaya, hankali ya gushe. A nan maganar ta tashi daga ceton ƙafa ta koma ceton rai.

Sarar maciji fa?

Dafin wasu macizai, kamar kububuwa da gamsheƙa mai tofi, yana cin nama. Amma sau da yawa ɗaurin da ake yi da igiya ko roba a saman wurin, a bar shi awanni, shi ne ke ƙarasa gaɓar. Kada a ɗaure tamau, kada a tsaga, kada a tsotse. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a kai mutum inda ake da allurar kashe dafi.

Duk mai sankarar ƙashi sai an yanke masa?

A da kusan haka ne. Terry Fox, matashin nan ɗan Kanada, an yanke masa ƙafar dama a 1977 saboda sankarar ƙashi, kuma a 1980 ya yi gudun kilomita 5,373 cikin kwana 143 da ƙafar roba don tara kuɗin binciken cutar. Tun daga shekarun 1970 da aka fara haɗa tiyata da magungunan kashe ƙwayoyin sankara, al'amarin ya sauya. Yanzu a manyan cibiyoyi, mafi yawan masu wannan cuta ana cire musu sashen ƙashin da ya kamu ne kawai, a maye gurbinsa da ƙarfe ko wani ƙashi. Yankewa ta rage ga wanda ƙarin ya naɗe manyan jijiyoyi, ko ya zo a makare. Kumburi mai ciwo kusa da gwiwar matashi, wanda ke tsananta da dare kuma ya ƙi tafiya bayan makonni, hoto yake buƙata, ba murza ba.

Kafin a kai ga yankewa, me likitoci ke gwadawa?

Likitan kirki ba ya son yanke gaɓa, sai ya ƙure dabarunsa. Zai fara da laluben bugun jini a bayan ƙafa da gefen idon sawu. Zai auna ƙarfin jini a idon sawu ya kwatanta da na damtse. In na ƙafa ya gaza kashi 90 cikin 100 na hannu, akwai toshewa. Sai sikanin jijiyoyi, da hoton da ake ɗauka bayan an zuba wani ruwa a jini don a ga daidai inda hanya ta tsuke, da hoton ƙashi don a ga ko ciwo ya kai gare shi.

In toshewa ce, ana iya zura siririyar roba ta cikin jijiya a hura 'yar balan-balan ta buɗe wurin, wani lokaci a bar ɗan ragar ƙarfe ya tokare. Ko a ɗauko jijiya daga cinyar mutum a yi wa jini sabuwar hanya ta zagaye inda ya toshe. In gyambo ne, ana kankare mataccen nama, sau da yawa ba sau ɗaya ba, a ba da antibayotik bisa gwajin ƙwayar da ke ciki, a daidaita sukari, galibi da insulin. Wasu asibitoci har tsutsotsin da aka raina a ɗakin gwaji suke sawa, don mataccen nama kaɗai suke ci.

Abin da majiyyata suka fi rainawa shi ne ɗauke nauyi daga kan gyambon. Gyambon tafin ƙafa ba ya warkewa ana taka shi kullum, ko da an zuba masa magani mafi tsada. Shi ya sa ake sa filasta ta musamman ko takalmin da ke ɗage wurin. Mutum ba ya jin zafi, sai ya ga kamar an takura masa ba dalili, ya cire ya ajiye.

In likita ya ce a yanke, ni kuma na ƙi fa?

Haƙƙinka ne. Baligi mai hankali ba a yi masa tiyata sai ya sa hannu, kuma neman ra'ayin likita na biyu ba rashin kunya ba ne, in dai akwai lokaci. Ka tambaya kai tsaye: nawa ne lokacin da nake da shi, kwanaki ko makonni? In na jira, a ina za a yanke?

Tambaya ta biyun nan ita ce mai nauyi. Dangi kan kawo karin maganar nan, wai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A kan zumunci aka yi ta, ba a kan ruɓewar nama ba. Ciwo ba ya tsayawa ya jira a gama shawara. Wanda aka ce a cire masa yatsu biyu ya ƙi, ya tafi gida, ya kan dawo bayan wata guda a yanke ƙasan gwiwa. Wanda ya ƙi ƙasan gwiwa ya dawo a yanke cinya, jiki ya riga ya raunana, haɗarin tiyatar ya ninka. A ganina jinkirin nan ya fi kowace cuta cin ƙafafu.

Yaya ake zaɓar inda za a yanke?

Ana neman wuri mafi ƙasa da zai warke. In aka yi ƙasa da yawa, inda jini bai isa ba, ɗinki zai buɗe a sake komawa tiyata. In aka yi sama da yawa, an yi asarar abin da zai yi amfani. A ƙafa matakan su ne yatsa, rabin tafin ƙafa, idon sawu, ƙasan gwiwa, kan gwiwa, cinya, da kwankwaso.

Gwiwa ce ake kokawa a kanta. Mai gwiwarsa ta asali yana tafiya da ƙafar roba da ɗan ƙarin wahala, wani in ya sa dogon wando ba za ka gane ba. Wanda aka yanke a cinya dole ya koyi sarrafa gwiwar ƙarfe, kuma kowane taku yana cin ƙarfinsa sosai fiye da na farkon. Tsoho mai ciwon zuciya da aka yanke a cinya sau da yawa a keken guragu yake ƙarewa. A hannu kuwa babban yatsa ake tattali, don shi ke riƙe kusan duk abin da hannu ke kamawa.

Yaya aikin kansa yake?

Ana yin sa ne da allurar barci, ko allurar ƙashin baya da ke kashe rabin jiki. Likita zai zana fata ya bar leɓatu da zai rufe bakin wurin. A ƙasan gwiwa yawanci naman bayan ƙwauri ake bari da tsawo, don ya fi samun jini, a naɗo shi gaba. Ana ɗaure jijiyoyin jini ɗaya bayan ɗaya. Jijiyoyin ji ana ɗan jawo su a yanke don su koma can cikin nama, kada bakinsu ya tsaya inda ƙafar roba za ta riƙa danna shi. Ana yanke ƙashi a goge bakinsa kada ya huda fata, a ɗinke tsoka ta rufe shi kamar matashi. In ciwon ya yi muni, akan bar wurin a buɗe na kwanaki har ya tsarkaka, sannan a dawo a rufe. Aikin kan ɗauki awa ɗaya zuwa uku.

Aiki ne tsoho ƙwarai. A 2022 masana sun ba da rahoton wani ƙwarangwal da aka tono a wani kogo a ɓangaren Indunusiya na tsibirin Borneo, mai kimanin shekara 31,000, wanda aka yanke wa ƙasan ƙafar hagu tun yana yaro, kuma ya rayu shekaru bayan haka. A ƙarni na 16 Ambroise Paré, likitan sojan Faransa, ya yaɗa ɗaure jijiyoyi da zare maimakon ƙona wurin da jan ƙarfe. Kafin 1846 ido biyu ake yi, ƙarti na danne da mutum, gwanintar likita kuma saurinsa. A watan Disamba na shekarar ne Robert Liston ya yanke ƙafa a Landan majiyyaci na barci bayan ya shaƙi iskar da ake kira ether. A 1867 Joseph Lister ya wallafa hanyarsa ta kashe ƙwayoyin cuta a wurin tiyata, mace-macen bayan aiki suka fara raguwa.

Me ke faruwa a makonnin farko?

Ciwo, kumburi, da koyon abubuwan da a da ba a tunaninsu. Zaren ɗinki kan fita bayan mako biyu zuwa uku. Ana naɗe dungun da bandeji mai roba, a karkace ba a zagaye ba, ko a sa masa safa mai matsewa, don kumburi ya sauka ya ɗauki siffar da za ta shiga ƙafar roba.

Likitan gashin ƙashi da motsa jiki yana zuwa tun kwanakin farko, kuma maganarsa ba ta wasa ba ce. Majiyyaci yana jin daɗin tura filo ƙarƙashin gwiwa, ko wuni a zaune gwiwa a lanƙwashe. In aka yi makonni a haka gwiwar za ta ƙage ta ƙi miƙewa, ƙafar roba kuma ba ta zama a kan ƙagaggiyar gwiwa. Shi ya sa ake cewa a miƙe ta, a riƙa kwanciya rub da ciki na ɗan lokaci kullum.

Faɗuwa ma ta zama ruwan dare. Mutum ya farka da tsakar dare zai kewaya, cikin magagin barci ya sauko ya taka ƙafar da babu, ya faɗi a kan ɗinkin. A ajiye kujera ko keken a jikin gado ta wannan ɓangaren, a bar fitila a kunne.

Ƙafar da aka yanke tana yi mini ciwo. Na zauce ne?

A'a. Kusan duk wanda aka yanke wa gaɓa yana jin kamar tana nan, har ya ji ƙaiƙayi a yatsan da babu. Fiye da rabi kuma suna jin ciwo na gaske a cikinta: zugi, ƙuna, ko kamar an murɗe yatsu an ƙi saki. Paré ya lura da haka a jikin sojojinsa, sannan likitan Amurka Silas Weir Mitchell, wanda ya yi jinyar waɗanda suka ji rauni a yaƙin basasar ƙasar, ya raɗa masa sunan gaɓar fatalwa a 1871.

Dalilin shi ne ƙwaƙwalwa na da taswirar jiki, kuma yanke ƙafa bai goge gurbinta a taswirar ba. Jijiyoyin da aka yanke suna ci gaba da aika saƙo a rikice. Ana ba da magungunan ciwon jijiya irin su gabapentin da amitriptyline, ana tausa dungun, kuma sa ƙafar roba da wuri yana taimaka wa wasu. A shekarun 1990 V. S. Ramachandran ya zo da dabarar madubi: a tsayar da madubi tsakanin gaɓoɓin biyu, mutum ya motsa mai lafiyar yana kallon hotonta, ƙwaƙwalwa ta ga kamar wadda aka yanke ce ke motsi ta saki. Ba kowa take yi wa aiki ba, amma ba ta cin komai sai madubi. Ga mafi yawa ciwon yana raguwa da lokaci.

A bambanta shi da ciwon dungun kansa. Wani lokaci bakin jijiya yana dunƙulewa ya zama ɗan ƙulli, in an taɓa kamar an jona wa mutum lantarki. Wannan ana iya gyara shi da allura ko ƙaramar tiyata.

Yaushe ake sa ƙafar roba, kuma wace iri ce ta fi?

Da zarar ɗinki ya warke kumburi ya sauka, galibi bayan mako 6 zuwa 8, ana gwada ta wucin gadi. Dungu na ci gaba da ramewa na watanni, don haka ta dindindin sai ya daidaita. Babba kan canza tasa bayan shekara 3 zuwa 5.

Akwai iri-iri. Ƙafar Jaipur, wadda likita P. K. Sethi da mai sana'ar hannu Ram Chandra Sharma suka ƙirƙira a Indiya a 1968, ta roba ce mai sauƙin kuɗi, ana tsugunawa da ita, ana shiga ruwa. A ɗaya ƙarshen akwai gwiwa mai kwamfuta irin C-Leg da kamfanin Ottobock na Jamus ya fitar a 1997, da hannuwan da ke motsi da saƙon lantarkin tsoka. A Suwidin tun 1990 aka fara dasa sandar titaniyom a cikin ƙashin cinya a maƙala ƙafar kai tsaye.

Amma abin da ke sa a yi amfani da ƙafa ko a jingine ta a bayan ƙofa shi ne kwandon da dungu ke shiga. In ya zauna daidai, ƙafa mai araha ma ta wadatar. In yana gurzar fata, ko ta miliyoyi ce ba za ta taku ba. Jan tabon da bai ɓace ba bayan minti 15 da cire ta, a koma wurin mai haɗawa.

Gaɓar da ta cire a haɗari, ana iya mayar da ita?

Wani lokaci. A 1962 Ronald Malt da tawagarsa a Boston suka mayar wa wani yaro ɗan shekara 12 hannunsa, a 1963 kuma Chen Zhongwei ya yi irin haka a Shanghai. Yankan da ya fita tas, kamar na wuƙa, ya fi wanda aka murƙushe ko aka fizge damar kamawa. Yatsa, da yake ba shi da tsoka, yana jure awanni da yawa in an sanyaya shi. Hannu ko ƙafa lokacinsu gajere ne.

A wurin haɗari mutum ake fara ceta. A danne raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi. In jini na tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure saman wurin da abu mai faɗi har ya tsaya, a rubuta lokacin, kada a riƙa kwancewa ana dubawa. Sashen da ya cire a naɗe shi da ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙara kai tsaye, kada a jiƙa shi cikin ruwa.

Yara fa?

Sun fi manya saurin sabawa, abin har mamaki yake bayarwa. Matsalarsu girma: ƙafar roba tana yi musu kaɗan kamar takalmi, kuma ƙashin dungu kan tsiro da tsini ya tokari fata, sai an sake gyarawa. Don haka likitoci suka fi son raba gaɓar yaro a mahaɗa in da hali.

Yaya dangi za su yi da wanda ya shiga damuwa?

Baƙin ciki bayan rasa gaɓa kamar na rashin ɗan'uwa ne, da fushi, da ƙin kallon wurin. Wasu kuwa, waɗanda suka yi shekaru da gyambo mai wari da rashin barci, sauƙi suke ji, kuma bai kamata su ji kunyar faɗa ba. In mutum ya daina cin abinci, ya daina magana, ya ƙi motsa jiki na makonni, ko ya fara zancen gara mutuwa, a gaya wa likita. Ciwo ne mai magani.

Kuskuren masu ƙauna shi ne yi masa komai: a miƙo ruwa, a sa masa riga, a amsa tambayar da aka yi masa. A bar shi ya yi da kansa ko zai ɗauki minti goma. Haɗa shi da wanda aka yanke wa tun da daɗewa, ya gan shi ya shigo da ƙafarsa ya zauna suna hira, ya fi dogon lallashi aiki.

Ɗaya ƙafar tana cikin haɗari?

In sukari ko toshewar jijiya ne dalili, ƙwarai kuwa. Cutar da ta ci ta farko tana nan, ga shi yanzu nauyin jiki ya ƙaru a kan wadda ta rage. Zuciya da ƙwaƙwalwa ma jijiyoyinsu iri ɗaya ne, don haka maganin hawan jini, na kitse da na hana daskarewar jini ba a ajiye su don an sallami mutum.

Ƙafar kuma kullum sai an duba ta da ido, tunda ba za ta faɗa ba: tafin, diddige, tsakanin yatsu. Wanda ba ya iya sunkuyawa ya ajiye madubi a ƙasa, wanda idonsa ya yi rauni wani ya duba masa. A gwada zafin ruwa da gwiwar hannu kafin a sa ƙafa. A shafa mai a fata amma ban da tsakanin yatsu, a yanke farce a miƙe, a daina yawo ba takalmi ko a cikin ɗaki, a zazzage takalmi a laluba cikinsa da hannu kafin a sa. Bororo, tsaga ko wurin da ya yi ja ya ɗau ɗumi, a nuna wa ma'aikacin lafiya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko da ba ya zafi.